Ragowar Maganin Janar

Duk sanda Goggo ta ɗauko robar maganinta ta girgiza, sai karen gidan ya taso. Ko barci yake yi a can ƙuryar tsakar gida, da ya ji kacau-kacau ɗin ƙwayoyin zai miƙe, ya ja sarƙarsa iya inda ta tsaya, daidai ƙofar kicin, ya zauna yana kaɗa bindi, yawu na dalalo masa. Janar suke kiransa, wani ƙaton baƙin kare mai kai kamar tukunya. Ni ban taɓa sonsa ba, shi ma bai taɓa ɓoye mini nasa ra'ayin ba.

"Kin gan shi ko?" Goggo ta ce tana dariya. "Saurayina ke nan. Da tsufana farin jini ya zo mini."

"Saurayin da ke zubar da yawu haka, Goggo, ai a kai kasuwa."

"Hassada ce kawai ke damunki, 'yar nan."

Goggo ƙanwar mahaifinmu ce, ita ta raine mu, ni da ƙanena Auta, kuma a gidansa take zaune. Ni ina aiki a gidan burodi can ɗaya gefen gari, sai ranar hutuna nake samun zuwa in gan ta. Ciwon gwiwa ya daɗe yana cin ta, ga hawan jini da take shan maganinsa. Amma ranar nan na tarar da ita tana saukowa daga bene da kwandon wanki a ka, babu dafa bango, babu nishi. Tsayawa na yi baki buɗe.

"Autana ne," ta ce tana ajiye kwandon. "Ya je ya yi wa likita bayanin ciwona kaf, likita ya rubuto wannan. Ko layi ban bi ba. Kuma ba a haɗiyewa, taunawa ake yi. Shinshina ki ji, kamar an soya hanta."

Ta zazzago ɗaya a tafin hannuna. Ƙwaya ce ƙatuwa, ruwan ƙasa, da tsaga a tsakiya, kuma da gaske ƙamshin nama take yi. Robar tsohuwa ce, an ɓare takardar jikinta, sai danƙon gam da ya rage. Da Auta ya dawo daga shagonsa na tayil na tambaye shi ina kwalin. Ya ce ai daga waje ake kawo shi a babban mazubi, sai a ɗibar wa mutum. Ya ce don tsofaffi masu ƙin magani aka yi shi, shi ya sa aka sa masa ƙamshi. Yana magana yana cire takalmi, ko ɗagowa bai yi ba. Na ce Allah ya yi albarka. Me zan ce? Cikinmu ɗaya.

Da yamma muna zaune a kicin Goggo ta ci gaba da yabonsa, don in ta fara ba ta gajiya.

"Yaron nan da tausayi yake. Kin san kwanakin baya Janar ya yi ciwon ƙafa? Kullum da safe shi da kansa yake zuwa keji ya ba shi magani a baki. To wata rana aka tashi kare ya yi amai, ya yi wani baƙin kashi kamar kwalta. Wallahi ko karyawa Auta bai tsaya yi ba. Ya ɗauke shi cak ya sa a mota, sai asibitin dabbobi. Ni na wanke kejin da suka tafi, warin nan har yau yana hancina. Wanda ya tausaya wa dabba haka, ina ga mutum?"

Na ce haka ne. Na ƙara mata shayi.

Da farko kowa murna yake yi. Goggo ta koma yin sujada har ƙasa, ta daina sallah a kan kujera. Matar Auta, wadda muke tsokana da Madam saboda ba ta fita ofis sai da takalmi mai tsini, ita ta fi kowa murna. Ta sallami mai wanki, ta ce ai hannun Goggo ya fi fitar da datti. Ta daina kai 'yan biyunta gidan raino, ta ce ai babu kamar kaka. Haka Goggo ta koma goya ɗaya ta saɓa ɗaya, ta hau bene ta yi shanya, ta sauko ta ɗora tukunya. In gwiwa ta ɗan motsa, sai ta girgiza roba, Janar ya taso, ta tauna ƙwayarta ta miƙe.

Zuwana na gaba na tarar tana shafa ƙirji.

"Ba komai, ɗan zafi ne kawai, kamar na ci yaji."

Na kalli Auta. Ya ce ai duk magani mai ƙarfi haka yake, ta riƙa sha da madara. Ya ma shiga kanti ya sayo mata gwangwani guda, ya ajiye a gabanta, ita kuwa ta yi ta sa masa albarka har ya shige ɗaki.

Zuwa na gaba kuma abinci ne ba ta ci. Na kawo mata burodi mai zafi, irin mai taushin da take so, ta gutsura ta ajiye. Fuskarta ta ɗashe. Na ja fatar idonta na duba, fari fat. Da ta miƙe za ta ɗauko wa yaro ruwa sai da ta kama bakin ƙofa ta tsaya, ta ce jiri ne, yanzu zai wuce.

"Auta, a kai ta asibiti."

"Za a kai ta, Yaya. Bari kayan da nake jira su iso."

"Kayan tayil ne za su hana ka kai ta?"

"Kin san layin asibitin nan. Mutum ya wuni a tsaye, a ƙarshe su ce tsufa ne. Tsufa kuwa ko ni zan gaya miki kyauta."

Na ce to ni zan zo in kai ta. Nan take Goggo ta hau ni da faɗa. Wai ina so in nuna wa duniya ɗanta ya gaza. Wai wa zai riƙe yara in ta tafi yawon asibiti. Wai likita ya riga ya ba ta magani, me kuma za ta je nema, sai ka ce ba ta da godiya. Auta yana tsaye yana danna waya.

Sai ƙafafu suka fara kumbura. Silifas ɗinta ya daina shiga, ta koma sa na Auta. In ka danna ƙaurinta da yatsa, ramin sai ya zauna. Ciwon gwiwar ma ya dawo, ya dawo da fushinsa, sai Auta ya ce ta ƙara rabi a kan wadda take taunawa, ai don haka aka yi mata tsaga. Ranar da na ji wannan, a bayan gida na same ta tana ɗaurayar buta, ta jawo ni gefe tana magana ƙasa-ƙasa, don Goggo mace ce mai kunya, ko sunan wasu abubuwan ba ta iya faɗa.

"'Yar nan, in na zaga, abin baƙi ne. Baƙi ƙirin. Kuma fitsarin ma ba ya zuwa sosai."

"Tun yaushe?"

"An ɗan kwana biyu. Na gaya wa matarsa, na ce ta gaya masa, ni ba zan iya ba."

Na nufi Madam tana goge farce a falo. Ta ce ta gaya masa mana, ya ce ƙila wani abu ta ci. Ta ce ai Goggo ba ta jin magana, komai ta gani sai ta kai baki. Matar da ta kwana biyu ba ta ci abin kirki ba! Na kira Auta a waya a gabanta, na ce gobe-goben nan a kai ta. Ya ce mota tana gareji, amma jibi da sassafe, in Allah ya yarda, da kansa zai kai ta. Har da rantsuwa. Na roƙi Goggo ta ajiye ƙwayar nan tukuna. Ta ce to, amma na ga yadda ta tura robar cikin ɗaurin zaninta.

Jibin ta zo na kira, ya ce wani babban kwastoma ne ya riƙe shi. Washegari da rana ina tsaye gaban tanda, garin fulawa har gira, maƙwabciyarsu ta kira ni. Ta ce kukan 'yan biyu ne ya ƙi ƙarewa, ta leƙa ta katanga, ta hango Goggo a kwance a ƙasan bene, jiƙaƙƙun kaya a warwatse. Ta yi amai, aman baƙi-baƙi da jini a ciki. Ita da mijinta suka sa ta a mota.

Ban ma san yadda na isa asibitin ba, da rigar aiki a jikina. Na tarar an sa mata ruwa, ana neman jini. Likitar wata mace ce gajera mai gilashi, ba ta da yawan magana. Ta tambaye ni wane magani Goggo take sha. Na faɗi na hawan jini. Ta ce ban da shi fa? Na kwance ɗaurin zanin Goggo na ciro robar.

Likitar ta zazzago ƙwaya ɗaya, ta juya ta, ta kai hanci. Sai ta cire gilashin ta kalle ni.

"Wa ya ba ta wannan?"

"Ƙanena. Ya ce likita ne ya rubuta."

"Ina kwalinsa?"

"Ya ce a babban mazubi ake kawowa."

"Ki nemo mini mazubin. Cikinta yana zubar da jini, ƙodarta kuma tana neman tsayawa. Ina so in san ainihin abin da ta sha da kuma ƙarfinsa, ba na son in yi aiki da zato." Ta sake shinshina ƙwayar. "Akwai dabba a gidan?"

Na ce akwai kare. Ta mayar da gilashinta.

Na kira Auta. Ya ce yana hanya. Na ce ina mazubin maganin, ya ce ya jefar tuntuni. Na ce to sunan likitan da ya rubuta, ya ce wani ne abokin abokinsa, ya ma yi tafiya. Na ce sunan maganin fa? Ya ce layin ba ya da kyau, ba ya ji na.

Na tari mota na nufi gidan. Madam ta dawo daga ofis tana rarrashin yara, ta buɗe mini ƙofa tana tambaya ya jikin Goggo. Na wuce ta. Na tsaya a tsakar gida, robar tana hannuna, hannun kuwa rawa yake yi, sai ƙwayoyin suka yi kacau-kacau. Janar ya zabura. Ya ja sarƙa har tana shaƙe shi, ya zauna a gabana, ni da bai taɓa gani bai yi gurnani ba, yana kaɗa bindi yana kallon hannuna. Ba ni yake kallo ba. Robar yake kallo.

Na zagaya bayan kejin inda Auta ya kafa katako yana jera kayan karen. Ga sabulun wankansa, ga burushi, ga maganin kaska. A bayansu ga wata farar roba babba, da hoton kare yana gudu a kan ciyawa. Na buɗe. Sauran kaɗan a ƙasa, ruwan ƙasa, da tsaga a tsakiya, da ƙamshin hanta.

Na juyo na ɗaga wa Madam. Ta ja da baya, ta rungume yaro.

"Wallahi Yaya ni babu ruwana. Tun ranar da likitan dabbobi ya ce a daina ba Janar, na ce masa a zubar. Shi ya ce asara ce, roba biyu cur, ko rabi ba a sha ba."

"Likitan ya ce a daina ba shi?"

"Ai shi ne ya sa shi aman nan da baƙin..." Sai ta ji abin da bakinta yake faɗa.

"Ƙarasa mana."

"Ni dai na gaya masa. Kuma ita Goggon ce da kanta ta ce yana mata aiki. Ni me zan yi? In shiga tsakanin uwa da ɗa?"

"Amma kin iya sallamar mai wanki."

Na fita na bar ta tana kuka, kukan da ban san na waye ba.

A barandar asibiti na same shi, ya zo da ledar lemo da ayaba. Da ya ga farar robar a hannuna sai fuskarsa ta canza, amma bakinsa bai mutu ba. Auta tun yana ƙarami in ya fasa kofi sai ya yi maka bayanin yadda kofin ya so fashewa.

"Yaya, tsaya ki ji. Magani ɗaya ne. Kamfani ne kawai ke canza kwali, su sa hoton kare. Na duba a waya, irin aikin da yake yi ke nan a jikin mutum."

"Ka duba a waya."

"Kuma ban yi da ka ba, sai da na lissafa. Nauyinsu kusan ɗaya ne da Janar."

Wallahi da ba a asibiti muke ba, da na kwaɗa masa robar a fuska. Matar da ta goya shi har bayanta ya rankwafa, ita ya ɗora a sikeli ɗaya da karensa, kuma yana faɗa mini a matsayin hujja, yana jiran in ce ya yi dabara.

"Kin ga yadda ta miƙe ai," ya ci gaba. "Ke ma kin gani da idonki, har kika sa mini albarka. Da can ba ta iya sujada. Ni taimako na yi niyya. Ke da kike zuwa ranar hutu kawai, kin san yadda ake kwana da mai ciwon gwiwa a gida?"

"Da aka gaya maka kashinta ya yi baƙi fa?"

"Na ɗauka wani abu ta ci."

"Na Janar ma ka ɗauka wani abu ya ci?"

Ya sunkuyar da kai yana murza ledar lemon. Can ya matso kusa, ya rage murya.

"Don Allah Yaya, kada ki gaya mata. Ba don ni ba, don ita. In ta ji, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. A ce kawai magani ne bai karɓe ta ba. Kuma kada dangi su ji, kin san bakin mutane."

Na wuce na kai wa likita farar robar. Ta karanta jikinta, ta girgiza kai. Ta ce maganin kashe zafin ciwo ne mai ƙarfi, an auna shi don jikin kare, kuma ko karen sai likitansa yana bibiya. Ta ce a jikin tsohuwa mai hawan jini, kullum-kullum, ba gwaji ba komai, ya ci bangon cikinta har ya huda jijiya, ya kuma danne ƙodar. Ta ce da an kawo ta tun sanda bayan gidanta ya canza launi, da abin bai kai nan ba. Jinin za su iya tsayar da shi. Ƙodar kuwa sai dai a fara wanki, a ga abin da Allah zai yi.

An tsayar da jinin. An huda mata wuya an sa roba, aka fara kai ta ɗakin wankin ƙoda. Goggo da ba ta iya zama wuri ɗaya, ta koma kwanciya tana kallon jininta yana fita ta wata roba yana dawowa ta wata. Na ɗauki hutu a gidan burodi na tare a gefen gadonta. Auta yana zuwa ya tsaya a bakin ƙofa, ya yi sannu, ya ajiye leda, ya ce shago babu kowa. Ita kuwa in ya tafi sai ta ce, "Kin ga duk ya rame. Ki ce masa ya riƙa cin abinci."

Na yi niyyar yin shiru, ba don shi ba. Amma wata safiya da gwiwar ta matsa mata, ta kamo hannuna.

"'Yar nan, nasu na nan ba ya ji. Ki faki idon nas ki kawo mini na Autana. Ko rabi ne."

"Goggo, ba za ki ƙara shan shi ba."

"Ke dai ba kya son a ce ya yi abin kirki. Tun kuna yara haka kike."

Wannan maganar ce ta karya ni. Na buɗe jaka na ciro farar robar, wadda likita ta dawo mini da ita babu komai a ciki, na sa mata a hannu. Goggo ba ta karatun boko, amma hoto ba ya bukatar karatu. Ta kalli karen da ke gudu a kan ciyawa. Ta buɗe murfin ta kai hanci. Ta daɗe a haka. Na zaci za ta yi salati, ko ta yi kuka, ko ta ce ƙarya nake yi. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"Shi ya sa yake bi na," ta ce a hankali. "Ashe ba so na yake yi ba. Abinsa yake nema."

Ta mayar da murfin ta rufe, ta ajiye robar a kan cikinta, ta juya fuska bango.

Da rana Auta ya zo. Yana shigowa ya ga abin da ke kan cikinta, ya kalle ni kamar ni ce na yi laifin. Ya durƙusa a gefen gadon ya fara. Niyyarsa alheri ce. Sharrin shaiɗan ne. Layin asibiti ya guje mata. Kowa yana kuskure. Goggo ta bar shi ya zazzage buhunsa tas, sannan ta juyo.

"Auta."

"Na'am, Goggo."

"Ranar da Janar ya yi baƙin kashin nan, a ranar ka kai shi asibiti, ko?"

Ya kalli ƙasa.

"Ni na wanke kejin, ban manta ba. Ko karyawa ba ka yi ba. Har na yi ta ba yayarka labari ina alfahari." Ta numfasa. "Da matarka ta gaya maka nawa, ka gane ko ba ka gane ba?"

"Goggo, ni..."

"Ba faɗa nake yi ba. Tambaya ce. Ka gane?"

Wannan ne karo na farko a rayuwata da na ga Auta ya rasa bayani.

"To," in ji Goggo. "Tashi ka je, shago babu kowa."

Ya ɓare lemo ya miƙa mata. Ta kalli lemon, ta kalli hannun, ta ce ta ƙoshi. Matar da in Auta ya ba ta ruwan famfo sai ta ce ya fi na kowa sanyi.

Da aka sallame ta gidana na kawo ta. Ɗaki ɗaya ne da falo, babu bene, babu kare. Ana kai ta wanki a kai a kai, likita ta ce ƙila har ƙarshen rayuwarta. Dangi sun ji, don ban rufe ba, kuma ba zan rufe ba. Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne yadda suka yi ta zuwa ba ni haƙuri ni. Wai ai ba da gangan ya yi ba. Wai ai da yawa ana yi, wane ma ya sha na dokinsa ya warke. Wai in rufa wa ɗan'uwana asiri. Babu wanda ya ce a rufa wa ƙodar Goggo asiri. Madam ta mayar da yaranta gidan raino, ta dawo da mai wanki, har tana ƙorafi a waya wai ba ya fitar da datti. Janar kuwa yana nan garau, an canza masa wani magani mai sauƙi, ana kai shi awo a kujerar gaba.

Ni ban ce Auta ya so kashe ta ba. Da ma hakan ne, da na san sunan da zan kira shi. Abin da ya yi ya fi wannan ƙanƙanta, ya kuma fi shi muni. Ya ga ragowa a kan katako, ya ga tsohuwa tana ɗingishi, ya ga wankin da ke jira, sai ya haɗa su wuri ɗaya don kada ya ɓata wuninsa. Kuma ya san za ta karɓa, don daga hannunsa ne. A gidaje da yawa akwai irin Goggo, wadda ba ta tambayar mene ne wannan in ɗanta ne ya miƙo, kuma akwai katakon da ake ajiye ragowa.

Ba ta ƙara ambatar sunansa ba, ba ta kuma zage shi ba. In ya kira waya sai ta ce in ce tana barci. Dariyar nan tata ta tsokana ta tafi. Na yi ta jan ta da zancen samari, ko murmushi.

Jiya da safe, kafin in tafi aiki, na ɓallo mata magungunanta daga kwalinsu a gabanta, kamar yadda nake yi kullum, na zuba mata a tafin hannu, na miƙa mata ruwa. Ni ce na kwana a ƙasan gadonta a asibiti. Ni ce nake wanke ta. Ta karɓa ta ce Allah ya yi mini albarka. Sannan ta ɗan juya mini kafaɗa, wai don kada in gani, ta ɗauki ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya tana kai su hanci kafin ta sa a baki.